Awakin Goggo Luba Masu 'Yan Kunne

Ranar Asabar ta farko bayan Ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji huɗu na firamare, ina tsugune a tsakar gidanmu na Gwandu ina dama wa awaki dusa da kanwa, Goggo Luba ta shigo da hantsi riƙe da wata farar kula. Takalmanta na roba sun yi dumu-dumu da jini, ƙudaje na biye da ita kamar 'yan rakiyar amarya. Ta ajiye kular a ƙofar ɗakinta ta zagaya wanke hannu. A gidan nan ba a taɓa rufe wani abu ya kwana ban san cikinsa ba, don haka na lallaɓa na ɗaga murfin. Na zaci nama ne. Sai na ga ƙanƙara, a cikinta an jera ƙananan kwalabe, kowace da wani ɗan jan abu kamar ƙwayar gurjiya yana iyo, an manna masa lamba. Na mayar da murfin, na koma kan dusata, amma zuciyata ta riga ta fita unguwa.

Goggo Luba ƙanwar babanmu ce, malamar jami'a, likitar dabbobi. Shekara da shekaru tana bincike a kan haihuwar awaki: me ya sa wata take jera tagwaye, wata kuma ta yi ta ɓari da an shiga bazara. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ta dawo gida da zama, tana sammako mahauta alhali ba ta sayo ko tsoka, tana bin gidaje tana maƙala wa awakin mata wata rawayar roba mai lamba a kunne. Tana da wata na'ura da take shafa wa akuya a ciki, sai ɗan da ke ciki ya bayyana a gilashi yana motsi. Duk mako kuma takan hau mota zuwa Kalgo, ta wuce ƙauyen Dangoma a kan babur, ta yi wa awakin can irin wannan aikin. Babanmu kuwa ba ya gajiya da yi wa baƙi alfahari a zaure, wai a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba masana suna ambaton sunanta a rubuce-rubucensu. Wannan ya fi komai ɗaure mini kai. A iya sanina, idan aka ambaci mutum a bayan idonsa, gulmarsa ake yi. Me Goggo ta yi wa mutanen da ba su ko san hanyar Gwandu ba?

A makaranta sunana Rediyo, ba don ina da murya ba. Ranar Litinin da aka fita tara, muna carafke a gindin darbejiya, na ja ƙawata Hassi gefe na rantsar da ita, na ce na ga 'ya'yan awaki a kwalba. Da na ga idanunta sun fito, daɗi ya kama ni, na ƙara gishiri. Na ce da na'urar nan ake zuƙo su daga ciki, a aika wa masu ambaton sunanta. Na ce duk akuyar da aka sa wa ɗan kunne ta gama haihuwa har abada. Hassi ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, kuma ta cika alkawari har zuwa lokacin tashi.

A garinmu akuya ba ta maigida ba ce, ta mace ce. Ita ce sutturarta ranar suna, ita ce asibitinta ranar da yaro ya kwanta. Wanda ya taɓa cikin akuya ya taɓa cikin gida. Rashin sa'a kuma, a makon nan wata jar akuya mai ɗan kunne ta yi ɓari a bayan layinmu. Awaki sun saba ɓari tun kafin a haifi Goggo, abin da ya kawo ta ke nan ma, amma wa ya tsaya tuna wannan? Mata suka fara kawar da kai idan ta wuce. Gidan da ake shimfiɗa mata tabarma, yanzu tana sallama sai a ce awaki sun tafi kiwo, alhali ga kukansu nan a turke. Mahauta suka daina ajiye mata abin da take karɓa. Mai ƙosan bakin titi ta fara miƙa mini ƙosai da kan tsinke, kada hannunta ya taɓa na 'yar gidan. Da labarin ya zagayo ya dawo kunnena a bakin rijiya, ya yi ƙiba har ban gane shi ba: an ce ba awaki kaɗai ba, har matan aure ake haskawa daga nesa. Ni da na haƙa ramin sai da na tsorata, na daina shan ruwan randar ɗakin Goggo.

Sannan aka fara cire 'yan kunnen. Wasu da reza, wasu da almakashin tela. Wata safiya muka tashi muka tarar da su zube a ƙofar gidanmu, rawaya-rawaya kamar an watsa furen kabewa. Goggo ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya tana karanta lambobin a hankali. Kowace lamba akuya ce da ta yi wata da watanni tana bi, tana rubuta ranar da aka yi mata barbara, abin da take ci, nauyinta. Idan babu lamba, rubutun ya zama na banza, don ba a san ta wa ake magana ba. Ta ce wa babanmu, "Yaya, in hakan ya ci gaba, aikin shekara biyu ya tafi." Ba ta ɗaga murya ba. Ni kuwa ina bayan rumbu ina tsinkar harawa da himmar da ba a taɓa ganina da ita ba.

Kakarmu Inno ce ta miƙe. 'Yar malamai ce, a zauren mahaifinta ta girma tana jin ana karatu, kuma tana da magana ɗaya da ba ta sauya ta: "Zance in ba shi da uba, ba a ba shi wurin zama." Ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta, ta ce in ɗauko mata kujerar tsugune in biyo ta. Muka fara da gidan mai akuyar da ta yi ɓari. Bayan doguwar gaisuwa, Inno ta gyara zama ta ce, "Zancen ga da kinka ji, wa yag gaya miki?" Matar ta ce an ce ne. Inno ta ce, "An ce ba ɗan garin ga ba ne, ban san gidansu ba. Suna nika so." Haka dai har aka ba ta suna. Muka ɗauki kujera muka nufi can. Daga can aka tura mu wajen mai kitso, mai kitso ta tura mu wajen matar mai injin niƙa. Duk gidan da muka fita, sai in lura hanya tana karkata zuwa unguwar su Hassi. Kujerar da ba ta kai nauyin ƙwarya ba ta koma mini kamar turmi. Na ce cikina na ciwo, Inno ta ce in haɗiye. Na ce na manta ban ba awaki ruwa ba, ta ce yau ne na fara tausayinsu.

A gida na bakwai, uwar Hassi ta ƙwala mata kira. Hassi ta fito da hannu duk kullu, ta dubi Inno, ta dube ni, sai ta ɗaga yatsa ta nuna ni. Inno ta juyo ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe uban zancen shi ad ɗauke da kujerata tun safe."

Na shirya wa dukan da za a ba da labarinsa har Jega, amma ba a taɓa ni ba. Goggo ta zaunar da ni a bakin gadonta, ta buɗe kular ta ce abin da na gani ƙwan mahaifa ne na awakin da aka riga aka yanka, wanda mahauta ke jefa wa karnuka. Ta ɗauko wata takarda da ta rubuta da Turanci, ta buɗe shafin ƙarshe, sunaye jere reras. Ta ce, "Duk maganar da ba ni na gano ta ba, ga mai ita nan. Wanda ya ɗauki tawa, shi ma dole ya sa sunana, don in ƙarya ce a san wuyan wa za a kama. Ke kuma kin saki taki ba suna." Hukuncina shi ne in sake bin gidajen nan bakwai, daga na ƙarshe zuwa na farko, in tsaya a tsakar gida in ce ni na faɗa, kuma ƙarya na yi. A gidan mai kitso sai da aka sa na maimaita, wai masu jiran layi ba su ji ba.

Matan Gwandu suka sauko, ko da yake wasu sun ci gaba da tofa addu'a kafin a shafa na'ura. Aka yi sa'a kowace ta san awakinta fiye da lamba: wannan ɗiyar Kyalla ce, waccan ita ta haifi tagwaye da kaka. Da bakinsu da littafin Goggo aka mayar wa kowace akuya ɗan kunnenta. Amma zancen ya riga ya hau mota ya tafi Kalgo a bakin wata da ta je biki, kuma can babu Inno, babu gida bakwai da za a bi. Goggo ta je Dangoma sau uku. A na ukun aka tare ta tun daga bakin gari, aka ce ta yi haƙuri. Ta dawo da yamma, ta ɗauko littafin da ta rubuta Kalgo a bayansa, ta ɗaure shi da zaren buhu, ta sa a ƙasan akwati. Sai da ta ƙara damina guda a kan aikin, da rabin awakin da ta fara da su.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. Goggo ta koma birni, ta zama babbar malama, sai a waya muke ganinta. Akwai shafin intanet da ke nuna masu ambaton aikinta, na fi ta leƙa shi, kuma duk sabon sunan da ya ƙaru sai na yi masa kallon tuhuma, in ga ko ya faɗi daga ina ya samo. Inno ta rasu bara waccan. Turakun tsakar gida sun ragu, zance kuma ya daina bin gidaje, ta waya yake shigowa, an turo an turo, babu ƙofar da tsohuwa za ta je ta yi sallama ta nemi ubansa. Wani lokaci nakan so a ce tana nan, ko da ni za a sake ɗora wa kujera. Littafin Kalgo yana nan a ɗaure, kuma babu masanin da zai taɓa ambatonsa.