Fatihar da Ta Sa Mota Ta Bar Ni

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bakura, kullum daga Mafara nake tashi da safe in dawo da yamma. Na ƙi tarewa can ne saboda mahaifiyata. Ƙafafunta sun riga sun gaza, kuma ni kaɗai ne ɗanta da ke gari.

Kusa da tasha akwai kantin da nake sayen burodin da zan karya da shi a makaranta. Ƙanen mai kantin ne ke zama a kan kanta yana karɓar kuɗi, kuma bawan Allahn nan bai san ana sauri a duniya ba. Ba ya karɓar kuɗinka sai ya gaishe ka. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ya jikin Inna, ya yaran makaranta. Kana cewa "lahiya lau" kana leƙen mota, shi ko a jikinsa. In ya gama da kai ya fara da na bayanka, canjinka na hannunsa. Za ku ce me ya hana ni saye da yamma. To, ni burodi in ya kwana ba na iya cinsa, wannan kuma tsiyata ce.

Na yi ta makara har hedimasta ya gaji. Ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ka ƙara makara sau ɗaya, zan rubuta a mai da kai ƙauye." Na san abin da hakan ke nufi. Ƙauyen da ba mota kullum, sai dai in ga mahaifiyata ƙarshen mako. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ba a yi nisa ba, wata safiya na shiga kantin, na ɗauki burodina, saura mutum ɗaya a gabana, wani dattijo daga Dakko. Ana cikin gaisuwa sai dattijon ya ce ai yayansa ya rasu jiya. Nan take mutumina ya ajiye kuɗi, ya ɗaga hannu, ya ce a yi Fatiha. Duk kantin aka ɗaga hannu. A waje yaron mota na buga ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya. Wa zai fice ana yi wa mamaci addu'a? Na maƙale burodi a hammata na ɗaga nawa. Kafin a shafa, mota ta tashi.

Ban zage shi ba, amma na ce masa, "Yau ka raba ni da Inna." Ya ce, "Subhanallahi, mi ya faru?" Na gaya masa. Sai ya kira yayansa mai kantin ya riƙe kanta, ya fito da babur ya ɗauke ni.

A hanya ma sai da ya rage gudu ya gaida wasu manoma. Ni dai na riga na sallama.

Muka tarar da hedimasta a bakin ƙofa, fuska a ɗaure. Mutumina ya sauka, ya miƙa hannu biyu, ya jero masa gaisuwa tun daga gida har gona. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na tsai da Malam. Rasuwa aka yi a Dakko, muna Fatiha mota ta tashi." Hedimasta ya ce, "Inna lillahi. Wane ne?" Da ya ji, sai shi ma ya ɗaga hannu. Muka sake wata Fatihar a bakin ƙofar makaranta. Da aka shafa ya dube ni, na ga faɗan ya ƙi fitowa. Ya ce, "Wuce aji, Malam."

Har yau ban zama mai haƙuri a layi ba, kada in yi muku ƙarya. In kashiya ya tsaya hira raina ɓaci yake. Amma idan na tuna mutumin nan sai jikina ya yi sanyi, don bai yi wani wayo ba, gaskiya kawai ya faɗa, kuma ya bar kantinsa saboda tsohuwar da bai taɓa gani ba.

Ba a mai da ni ƙauye ba. Na ci gaba da kwana gida ɗaya da mahaifiyata har ranar da Allah ya karɓi abinsa, ina zaune kusa da ita.