Mai Fasa Ƙwayar Gero

A kasuwar Shagari, shekara huɗu da samun mulkin kai, wani dogon mutum yana tsugune gaban buhun gero. Kwat ɗinsa na ƙasar sanyi ne, ya koɗe a kafaɗa, hularsa kuwa tamu ce. A hammatarsa akwai mujallar Turanci da ta sha naɗi.

Ba ya taya hatsin. Ƙwaya ɗaya ya ɗauka, yana fasa ta da farce, yana sake fasa ɓarin, har abin ya zama gari a tafinsa.

"Malam, saye kaka yi ko ɓanna?" in ji tsohon mai geron.

"Baba, ƙwayar zarra ma an fasa ta. Bana masana sun ce abin da ke cibiyarta shi ma ɗiya ukku gare shi, ba wanda ya taɓa ganin su."

"Allah mai iko. Mudu nawa?"

Ina jin ya yi karatun kimiyya a Ingila, aka kira shi gida saboda Jihar Arewa tana bukatar 'ya'yanta a ofis. Wataƙila abokansa suna can gaban allo suna gardama a kan zarrar, shi kuwa labarin sai ya tsufa a jakar gidan waya kafin ya iso.

Yana duban fuskokinmu, mu da muke tsaye a wurin, ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai ce, "Sai kuma me?" Har ni ban ce ba.

Ya hure garin daga tafinsa a hankali.

"Mudu guda, Baba."