Katangar Malam Isufu

Ranar da kakata ta rasu, makararta ta kasa fita daga lungunmu.

Farkon shekarun dubu biyu ne, a sabuwar unguwarmu ta bayan garin Diffa. Da can gonakin gero ne. Kowa ya sayi fili ya ja katanga yadda ya ga dama, ba wanda ya tuna da hanya. An juya makara hagu, an juya dama, kwanar lungun ta hana. Babana ya tsaya, idonsa ya yi ja.

Sai maƙwabcinmu Malam Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Tawa, ya fito da diga. Wata biyu ke nan da gama katangarsa, wadda ita ce ta tare kwanar.

Babana ya riƙe masa hannu: "Haba Malam, sabon gini?"

"Sake ni, Alhaji. Iya ta sha ciyar da 'ya'yana. Ba za a ɗaga ta ta saman katanga kamar buhun tattasai ba."

Ya rushe, muka wuce. Da zai sake gini, sai ya ja baya da taku uku, maƙwabtan da ke gabansa a lungun suka ji kunya suka bi sahu. Yau har mota tana shiga.

Allah ya saka masa da alheri. Ku fa, wa ya bar muku hanya a unguwarku?