Dabinon Kangon Baffana

Na manta rabin Faransancin da na koya a kwaleji, amma ranar da na yi tafinta a kangon baffana ba za ta bar kaina ba.

Farkon shekarun tamanin ne, yaƙin Chadi ya koro wata mata da 'ya'yanta uku zuwa birnin Zariya. Mijinta ya fita neman mota a can, bai dawo ba. Baffana yana da kango kusa da Ƙofar Doka, ya ba ta aro ta zauna. Ta yaɓe ɗaki guda da hannunta, ta kama sayar da soyayyar gyaɗa. Unguwa ta so ta, irin son da ake yi wa baƙo: duk gaisuwa sai an haɗa da "Yaushe za ku koma?"

Damina ta biyu aka kawo wa baffa labari cewa ta shuka dabino a tsakar kangon. A wurinmu mai aro yana iya shuka masara ko kuɓewa, abin da za a girbe a tashi. Itace kuwa shaida ne, jikoki kan tsaya gaban alƙali su ce kakarsu ta shuka. 'Ya'yan baffa suka ce ko a tumɓuke, ko ta fita. Aka ɗauke ni tafinta, tunda ni ne malamin makaranta, ana zaton babu harshen da ya gagare ni.

Muka je da baffa da 'ya'yansa, muka tarar da tsiron bai wuce taƙi ɗaya ba, an kewaye shi da ƙaya kamar wani babban mutum.

Baffa ya ce, "Gaya mata ba korarta nake ba. Ta cire wannan, ta zauna lafiya."

Na fassara mata da Faransanci. Ta ce ba za ta cire ba. Na juya na ce, "Baffa, ta ce a yi mata haƙuri, za ta duba."

Ta dube ni da Hausarta mai tsalle-tsalle, ta ce, "Malam, maganata gajere ne. Naka ya yi tsawo." Ta matsa gaban baffa ta durƙusa, ta kwance bakin zanenta. Ƙwallayen dabino ne, sun kai goma.

"Baba Alhaji, na gonar mijina ne. Ka cire, gobe na shuka wani. Ƙasarka ba na so, wanda na bari ya fi unguwan nan faɗi. Wuri uku aka tashe ni, ban kwance kaya ba. Na gaji. Kowa yana tambaya yaushe zan koma. Ga amsa."

Aikina ya ƙare. Baffa ya daɗe yana kallon tsiron. Can ya miƙa min sandarsa, ya ɗauki butar da ke ƙofar ɗakin, ya juye ruwan duka a gindin dabinon.

"Kun gani, ni na ba shi ruwa, nawa ne. Ke kuma baiwar Allah, gadi na ba ki. In akuya ta ci, da ke zan yi shari'a."

Ta ce, "To Baba, kada a sake tambayar mai gadi yaushe za ta tafi."

Bayan shekara takwas dabinon ya yi fure, aka gane namiji ne. Har yau bai ba kowa ɗa ko guda ba. Na taɓa zolayar matar da haka, lokacin babbar 'yarta ta fara koyarwa a makarantarmu. Ta ce, "Na ce maka don ci na shuka?"

A lokacin ina ganin mun gama mata komai, tunda mun ba ta ɗaki da tuwo. Ranar da na yi tafintar nan na koyi cewa wanda yaƙi ya koro bai sauka ba tukuna, sai an bar shi ya fara abin da ba ya ƙarewa a damina ɗaya. Na kuma daina gyara wa mutane maganarsu.