Baba ya ba Duna maganin gwiwarsa

Da safen nan na iske Baba tsugune bakin garke, yana ɓare ƙwayar maganin ciwon gwiwarsa zai ba Duna, tsohon karenmu. Shekara goma yana tsare mana awaki, amma bana ƙafafunsa na baya sun sandare. A gabana ya yunƙura sau uku, yana komawa ƙasa.

Na ce Baba ya dakata, na buga wa likitan dabbobi na Filinge waya, na ƙara muryar wayar don Baba ya ji.

"Kar ku kuskura!" in ji likita. "Maganin mutane yana cinye hanjin kare. Da alama sanyin gaɓoɓi ne. Ba ya warkewa, amma akwai nasu magani. Ku yi masa shimfiɗa, ranar kasuwa ku kawo shi."

Baba ya sunkuyar da kai. "Likita, jiya na ba shi guda biyu. Na san zahin abin ga, na kasa kallo nai."

"To, ku taho yanzu."

Ga mu bisa amalanke, Duna ya ƙi ko ruwa.

Don Allah, akwai wanda karensa ya sha irin wannan ya tashi?