Mutumin da Ya San Ɓeraye Ashirin

Shekara talatin da ɗaya yana kiwon fararen ɓeraye a ɗakin bincike na bayan asibiti, har sunansa ya ɓace, sai Sarkin Ɓeraye. Matarsa kan ce ita kaɗai ce matar sarkin da talakawansa ke da wutsiya.

Shi ma gyambon ciki ya daɗe yana cin sa, shi ya sa aikin Malama mai bincike a kan ciwon ya shiga ransa. Ta yi masa bayani: wasu 'yan gajerun sarƙoƙin furotin ne, kamar guntun carbi mai ƙwaya uku ko huɗu, ana fatan su yi wa bangon ciki garkuwa. Ɓeraye goma aka ba maganin, goma ba a ba su ba, kowanne da lamba a wutsiya.

Ana gobe za a feɗe su a duba cikinsu, da hantsi, bututun ruwa ya fashe a kan kejuna. Sarki ya kwashe su duka ya zuba a baho guda. Sun tsira, amma tawadar lambobin ta wanke.

Malama ta zauna a kan bokiti. "Baba, aikina na shekara biyu ka dama a baho."

"'Yata, ɗauko littafin awonki da sikeli."

Ya shiga ɗago su ɗai-ɗai. "Wannan Gwauro ne, lamba uku, ba ya ci da kowa. Wannan Surukata ce, sha huɗu. Dubi harara."

Tana aunawa tana duba nauyin jiya. Na farko ya yi daidai, na biyu ma haka. A na goma ta miƙe tsaye. Kafin na ashirin ta cika ɗakin da dariya, tana kiran kowa ya zo ya gani.

Washegari bai shiga ɗakin ba. Bai taɓa shiga a irin wannan rana ba. Yana bakin ƙofa yana wanke kwalabe Malama ta fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Baba, takwas cikin goman da aka ba, cikinsu sumul!"

Ya dafa nasa cikin. "To, ni yaushe?"

"Ɓera ba mutum ba ne, Baba. Da sauran tafiya, wataƙila shekaru."

"Mun saba jira. Surukata fa?"

"Ko ƙwarzane babu."

"Na sani. Ita ke sa wa wasu."

Ya share ido da bayan hannu, wai kumfar sabulu ce, ya tashi ya shimfiɗa wa sababbin baƙi busasshiyar dusar katako.