Garin da Muka Sauke Tukunyarmu a Catskills

Asuba ta yi mana a Tremont, unguwarmu da ke Bronx, muna idar da salla muka kama hanyar duwatsun Catskills. Mu huɗu ne, duk masu aikin kula da tsofaffi a gidaje: ni, da ƙawata 'yar Kumasi mai tuƙi, da 'yar Zinder, da babbarmu Hajiya, wadda gwiwa ke damunta. Tafiyar ma dominta aka shirya ta. A gindin duwatsun Jos aka haife ta, kuma tun zuwanta Bronx abin da take hawa kawai shi ne benen mutane. Ta ce tana so ta sake tsayawa a kan dutse kafin ƙafa ta ƙi.

Muna haye gada hanya ta miƙe sumul. Ganyaye sun rine, ja da ruwan ɗorawa, kamar an shanya atamfa. Gardama kuwa tun cikin mota: a wane gari za mu sauka? 'Yar Zinder ta nace sai Woodstock, wai can ake hoto. Ni kuwa na kwana biyu ina bin taswira da yatsa. Da girmana na shiga aji, shi ya sa duk abin da na karanta ba na sakinsa da wasa. Na ce Phoenicia, don hanyar hawa daga cikin garin take farawa.

Aka rinjaye ni. Woodstock gari ne mai kyau, ba zan ci zalinsa ba. Shaguna tsaf, mutane da fara'a, amma kuɗin kofin shayi ɗaya zai yi maka karin kumallo cikakke a unguwarmu. Mun shiga masauki, 'yar Kumasi rungume da tukunya, muciya ta leƙo daga jaka. Matar da ke karɓar baƙi ta yi murmushi ta ce ba a girki a ɗaki. Ta ƙara da cewa dutsen ma sai an tafi da mota.

Hajiya ta zauna a kujera ta ce, "Ku je ku hau, 'ya'yana. Ni zan tsare muku kaya."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, gadi muka kawo ki? Ku tashi, wallahi ba a nan za mu kwana ba."

Phoenicia ƙaramin gari ne, titi ɗaya, rafi na gudu ta gefensa. Muka sami ɗan gidan katako mai kicin. Mai gidan ya gargaɗe mu kada mu bar abinci a waje saboda beyar, wani ƙaton naman daji. 'Yar Kumasi ta ce, "Beyar ɗin da ya ɗanɗana shitona mai barkono, shi zai nemi ruwa." Ranar tuwon shinkafa da miyar kuka muka ci har da suɗi.

Washegari muka ɗaura zani kan wando muka fita da ƙafa. Da yake gida na kusa, Hajiya ta san in ta gaji za ta iya juyawa, sai tsoron ya sake ta. Muka sa ta gaba, don ba a wuce babba. Ta yi taku, ta huta, ta yi salati. Turawa na wuce mu da sanduna, kowa sai ya gaishe ta, tana amsa musu da "Sannunku dai."

Da muka kai wani falalen dutse, gari ya koma ɗan mitsitsi a ƙasa. Hajiya ta tsaya tana kallo, iska na kaɗa mayafinta. Can sai ta rangaɗa guɗa! Muka karɓa, har 'yar Zinder ta manta da hoton.

Mun dawo Bronx cinyoyi na ciwo, baki har kunne. Shawarata ga mai niyya: kada ki zaɓi gari don kyan shagunansa. Dubi wadda ta fi rauni a cikinku, ki sauka inda ƙafarta za ta kai.